Kyautar Tokin a Kan Bulokcen: Mallaka Daban, Daraja Daban

 



Gabatarwa

An ɗora mini nauyin yin bayani a kan wani sabon salon kyauta da ya shigo mana ta wayoyinmu. A yau mutum yana iya sayen ɗan hoto mai motsi, na zobe ko fure ko agogo, ya tura wa matarsa ko ƙaninsa ko abokinsa. Hoton yana da lambarsa shi kaɗai, an rubuta mai shi, kuma yana da farashi a kasuwa. Wanda aka bai wa yana iya ajiye shi, ko ya ƙawata shafinsa da shi, ko ya kyautar, ko ya sayar ya karɓi kuɗi. Irin wannan kaya shi ne tokin ɗin da aka fi sani da NFT, kundin da ake rubuta mallakarsa a ciki kuwa shi ne bulokcen.

Wani zai ce, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne kyauta ba ƙaramin abu ba ce a wurinmu. Da ita ake ƙulla zumunci, da ita ake neman aure, da ita ake taya murnar haihuwa. Muna da gudummawar biki, da goron Sallah, da tsaraba, da tukuici. Duk abin da ya shigo wannan fage ya shigo tsakar gida ke nan. Kuma matasanmu sun riga sun yi nisa a harkar kirifto. Kowa a nan ya ga yadda a 2024 yara da manya suka duƙufa suna ƙwanƙwasa fuskar waya da sunan maining, kowa ya san 'yan baiwa da jiran ranar da za ta fashe. Manhajar Telegram da aka yi yawancin wannan hidima a kanta, ita ce yanzu ke tallar irin kyautar da muke magana a kai.

Magana ɗaya nake so kowa ya tafi da ita: bulokcen yana tabbatar da wane ne mai abu, amma ba ya tabbatar da cewa abin yana da daraja. Wanda ya rarrabe waɗannan biyu zai iya cin moriyar fasahar. Wanda ya cakuɗa su zai miƙa wa masoyinsa asara da sunan alheri.

Yadda kundin yake aiki

Bulokcen kundi ne na lissafi wanda ba ya hannun mutum ɗaya ko banki ɗaya. Kwamfutoci masu yawa a ƙasashe daban-daban kowace tana riƙe da kwafinsa. Idan wane ya tura wa wane wani abu, sai kwamfutocin su duba su yarda cewa mai turawar ya mallaki abin, sannan a rubuta. Ana tara rubuce-rubucen rukuni-rukuni, kowane rukuni a ɗaure da wanda ya gabace shi, ta yadda taɓa tsohon rubutu zai ɓata duk abin da ya biyo baya, kowa kuma ya gani. Wannan ne ya sa gogewa ko sauya abin da ya shiga kundin yake da matuƙar wuya.

Wani da ya ɓoye kansa da sunan Satoshi Nakamoto ne ya fito da tsarin a 2008, Bitcoin ta fara aiki a Janairun 2009. A 2015 Vitalik Buterin da abokan aikinsa suka ƙaddamar da Ethereum, wadda ta ba da damar a rubuta abubuwa iri-iri a kundin, ba kuɗi kaɗai ba. Daga nan aka samu tokin iri biyu. Akwai wanda kowane ɗaya daidai yake da ɗan uwansa, kamar Bitcoin ko wani kuɗin kirifto mai suna USDT, wanda idan ka ranta wa mutum ɗaya ya maido maka da wani ɗaya, bashi ya biyu. Akwai kuma wanda kowane ɗaya da lambarsa da siffarsa, ba ya musayuwa da waninsa. Wannan na biyun shi ne NFT.

Inda mutum yake ajiye tokin ɗinsa ana ce masa walet, wato lalita. Kowace lalita tana da adireshi da kowa zai iya gani, da kuma mabuɗin sirri, wanda yawanci kalmomi ne 12 ko 24. Duk wanda ya san kalmomin nan shi ne mai lalitar a idon kundin. Kundin bai san suna ba, bai san fuska ba, bai san magaji ba. Mabuɗi kawai ya sani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga tsabar tagulla zuwa hoton dala miliyan 69

Tunanin a naɗe kuɗin intanet cikin wani abu mai kyan gani a bayar kyauta ya daɗe. Daga 2011 zuwa 2013 wani Ba'amurke mai suna Mike Caldwell ya riƙa ƙera tsabobi na tagulla da ya kira Casascius. A bayan kowace tsaba akwai mabuɗin sirrin Bitcoin a ɓoye ƙarƙashin wani hatimi mai ƙyalli. Muddin ba a ɓare hatimin ba, kuɗin na nan. Mutane sun saya sun ajiye, sun kuma bai wa 'yan uwa. A ƙarshen 2013 hukumar Amurka mai sa ido kan zirga-zirgar kuɗi ta sanar da shi cewa aikinsa na buƙatar rajista irin ta masu aika kuɗi, sai ya daina. A ƙasar Sin kuma, inda al'ada ce a sa kuɗi a jan ambulan a bai wa yara da 'yan uwa lokacin sabuwar shekara, manhajar WeChat ta mayar da ambulan ɗin cikin waya a 2014. Wannan ba a kan bulokcen yake ba, amma ya nuna wa kamfanoni cewa wanda ya shiga al'adar kyautar mutane ya samu kasuwa mai faɗi.

A 2017 wani ƙaramin kamfani mai suna Larva Labs ya fitar da ƙananan hotuna 10,000 da ya kira CryptoPunks, ya bar mutane su ɗauki yawancinsu kyauta. A ƙarshen shekarar wasan kiwon kyanwoyi na CryptoKitties ya ja jama'a har ya cunkushe Ethereum. Guguwar gaske ta taso a 2021. A watan Maris na shekarar, gidan gwanjo na Christie's ya sayar da tarin zane-zanen wani Ba'amurke, Mike Winkelmann, wanda aka fi sani da Beeple, a kan dala miliyan 69. A watan nan dai Jack Dorsey ya sayar da tokin na saƙon farko da ya taɓa wallafawa a Twitter a kan kusan dala miliyan 2.9. A Fabrairun 2022 ɗaya daga cikin hotunan nan na CryptoPunks da aka raba kyauta ya kai sama da dala miliyan 23.

Akwai waɗanda suka amfana da guminsu. Osinachi, ɗan Najeriya daga Aba, wanda yake zane da manhajar Microsoft Word, ya kai ayyukansa gwanjon Christie's a Landan a 2021. Mai zane irin wannan a da sai ya bi ta hannun dillalai masu yawa kafin duniya ta san da shi. Wannan alheri ne na gaske, kuma bai kamata a musanta shi ba.

Amma kasuwar ba ta daɗe a sama ba. Cinikin NFT na wata guda ya kai kimanin dala biliyan 17 a Janairun 2022, zuwa watan Satumba ya sauko ƙasa da rabin biliyan, wato raguwar kashi 97 cikin ɗari. Sina Estavi, wanda ya sayi saƙon Dorsey, ya sa shi a kasuwa a Afrilun 2022 yana neman dala miliyan 48. Da wa'adin gwanjon ya cika, tayi mafi tsoka bai kai dala 300 ba. A 2023 wani bincike da ya duba tarin NFT sama da 73,000 ya samu cewa kashi 95 cikin ɗari ba su da sauran wata daraja a kasuwa. Kundin bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba a duk wannan. Har yau yana nuna wane ne mai kowane hoto. Masu saye ne suka watse.

Kyautar Telegram

Bayan wannan faɗuwa mutane da yawa sun ɗauka an gama da NFT. Sai ga shi ya dawo ta ƙofar kyauta. Telegram, wadda Pavel Durov ɗan asalin Rasha ya kafa tare da ɗan uwansa, kuma hedikwatarta ke Dubai, ta daɗe tana neman shiga harkar. A 2018 ta tara dala biliyan 1.7 don gina bulokcen nata, hukumar hannayen jari ta Amurka ta kai ta kotu, a 2020 ta janye. Wasu masu fasaha suka ci gaba da aikin da sunan TON, daga baya Telegram ta rungume shi.

A 2024 Telegram ta fito da kuɗin cikin gida da ta kira Stars, wato taurari, waɗanda ake saye da kuɗin gaske. A watan Oktoba ta fara sayar da kyaututtuka da taurarin nan: ka saya ka tura wa wani, shi kuma ya liƙa a shafinsa ko ya mayar da ita taurari. Wasu kyaututtukan an ƙayyade adadinsu, idan sun ƙare sun ƙare. A Janairun 2025 aka ƙara wani mataki. Wanda ke riƙe da kyautar yana iya biyan ƙarin taurari a ɗaga darajarta, a ba ta lamba da launi da siffa ta musamman, daga nan tana iya fita daga Telegram ta koma kan bulokcen na TON a matsayin NFT, a sayar da ita a kasuwa. A Yulin 2025 Durov ya sanar da cewa kyaututtukan mawaƙin Amurka Snoop Dogg, kusan miliyan ɗaya, sun ƙare cikin minti 30, an tara dala miliyan 12.

Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, siffar da za ta fito wa mutum idan ya biya kuɗin ɗaga darajar ba shi yake zaɓa ba. Na'ura ce ke jefa ƙuri'a. Wani ya samu siffar da ba ta da yawa, mai tsada, wani ya samu gama-gari. Ka biya kafin ka san abin da ka saya, wannan cinikin biri a sama ne. Na biyu, darajar kyautar a rataye take da lafiyar kamfani ɗaya. Lokacin da hukumomin Faransa suka kama Durov a filin jirgin sama kusa da Faris a Agustan 2024, farashin kuɗin TON ya rikito cikin sa'o'i kaɗan. Abin da kamun mutum ɗaya ke girgizawa ba wurin ajiyar dukiyar iyali ba ne.

Ba duk kyautar tokin ce iri ɗaya ba

Yawan ruɗanin da ake samu ya taso ne daga haɗa abubuwa uku a kwando ɗaya.

Iri na farko shi ne kuɗi a naɗe. Mutum ya sa USDT ko Bitcoin cikin katin kyauta ko ambulan na manhaja ya tura. Adon na waje ne, abin da ke ciki sananne ne. Idan USDT 20 aka sa, wanda aka bai wa ya san abin da ya karɓa. Ga ɗan uwan da ke Kumasi ko Jidda yana son tura goron Sallah gida, wannan hanya tana da sauri, kuma ba ta jiran a buɗe banki.

Iri na biyu shi ne na tunawa. Ana raba tokin ga waɗanda suka halarci wani taro ko biki, shaida ce kawai cewa wane ya zo. Ba a saye shi don riba ba, don haka babu wanda zai yi kukan asara.

Iri na uku shi ne na tarawa, wanda babu ko kwabo a cikinsa, farashinsa kawai abin da mai saye na gaba ya yarda ya biya. Yawancin NFT da kyaututtukan Telegram a nan suke. Kuma shi ne wanda ake tallatawa da cewa ado ne kuma ajiya ce.

To mu auna wannan da'awa da abin da muka sani. Idan uwa ta bai wa 'yarta sarƙar gwal ranar aure, ta ba ta ado, ta kuma ba ta ajiya. Ranar da buƙata ta taso, 'yar za ta kai wa 'yan gwal a kasuwa, a ɗora a sikeli, a biya ta bisa nauyi da farashin ranar. Ko an daina yayin ƙirar, sai a narkar, gwal ɗin na nan. Tokin na tarawa ba shi da nauyin da za a auna. Idan yayinsa ya wuce babu abin narkarwa. Hatta farashin da ake gani a fuskar waya ba abin dogaro ba ne, domin sananne ne a wannan kasuwa cewa mutum ɗaya kan buɗe lalita biyu, ya riƙa sayar wa kansa da kansa da tsada, don masu kallo su ɗauka kaya na tafiya.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Sau da yawa hoton kansa ba a cikin kundin yake ba. Abin da aka rubuta lamba ce da adireshin inda aka ajiye hoton a kwamfutar wani kamfani. Lokacin da kasuwar kirifto ta FTX ta durƙushe a Nuwamban 2022, wasu masu NFT da aka yi ta hannunta sun buɗe lalitarsu sun tarar da lamba babu hoto. Kamfanin Meta ya cire NFT daga Facebook da Instagram a 2023. Starbucks ya rufe nasa shirin a 2024. Nike ma ya rufe reshensa na NFT mai suna RTFKT. Manyan kamfanoni ke nan, sun shiga da ƙarfi, sun fita lokacin da suka ga dama. Sannan mallakar tokin ba ta nufin mallakar haƙƙin zanen, sai idan mai zanen ya bayar a rubuce.

Wa ke riƙe da mabuɗi?

A nan nake roƙon iyayenmu malamai su ba ni aron kunne. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka bai wa ya karɓi abin ya shiga hannunsa. Idan mai kyauta ya rasu kafin a karɓa, abin ya koma cikin gado. To mene ne hauzi a kyautar tokin? Idan na ce na ba ka, amma tokin na cikin lalitata, ba ka karɓa ba. Idan ni na buɗe maka lalitar, ni na rubuta kalmomin sirri kuma ina riƙe da kwafinsu, to har yanzu hannuna na kan abin, ina iya kwashe shi da tsakar dare. Idan kuma kyautar na zaune a cikin manhajar kamfani, kamfanin na iya rufe asusun, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Cikakkiyar karɓa ita ce tokin ya shiga lalitar da wanda aka bai wa ne kaɗai ya san mabuɗinta.

Sai dai wannan cikakkiyar mallaka da nata nauyin. Babu ofishin da za ka kai kuka idan ka ɓatar da kalmomin. Babu manajan da zai maido da abin da ka tura adireshin da ba shi ba. Wani ɗan Birtaniya, James Howells, ya yi asarar faifan kwamfuta da ke ɗauke da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000, wanda ya tafi juji a garin Newport a 2013. Ya shafe shekaru yana neman izinin tono jujin, a Janairun 2025 kotu ta yi watsi da ƙararsa. Dukiyar tana nan a kundin, kowa na iya ganinta, babu mai iya taɓa ta.

Ku ɗauko wannan ku kawo gidajenmu. Magidanci ya zuba dukiya a lalita, bai faɗa wa kowa ba, ajali ya riske shi. Allah ya yanka wa kowane magaji rabonsa a Suratun Nisa'i, amma alƙali ba zai iya raba abin da babu mabuɗinsa ba. Marayu za su rasa haƙƙinsu, ba don wani ya cinye ba, sai don sakacin mahaifinsu. Haka nan wanda ya bai wa tsohuwarsa ko ƙaramin yaro tokin bai koya musu adana mabuɗi ba, ya ɗora musu kayan da ba za su iya ɗauka ba.

Malamai da hukuma

Malaman duniyar Musulmi sun saɓa a kan kirifto. Tsohon Muftin Masar, Shaihu Shauƙi Allam, ya haramta cinikin Bitcoin saboda garari da cutarwar da ke ciki. Majalisar malaman Indunusiya a 2021 ta haramta amfani da kirifto a matsayin kuɗi, ta bar ƙofa ga wanda yake da wata kadara sananniya a bayansa. Majalisar shari'a ta hukumar hannayen jarin Malesiya kuwa a 2020 ta halatta ciniki a kasuwannin da ke da rajista. Hukunci na malamai ne. Abin da ya rataya a kan masu sanin fasahar shi ne su shimfiɗa musu yadda abin yake tsakani da Allah, kada su ɓoye ƙuri'ar da ke cikin ɗaga darajar kyauta, kada su ɓoye irin hotunan da ke jikin wasu tokin, kada su kira caca da sunan kasuwanci don a samu fatawa mai daɗi. Ina kuma jan hankalin matasa, kada wanda ya kai tokin na tarawa wurin sadaki. Sadaki haƙƙin mace ne, dole ya zama abu sananne mai ƙima, ba abin da zai iya zama wofi kafin a gama walima ba.

Ta fuskar doka, Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a Fabrairun 2021, ya ɗage hanin a Disambar 2023. A 2024 hukumar hannayen jari ta Najeriya, wato SEC, ta bai wa kamfanonin Busha da Quidax amincewar farko. A Maris na 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da hannayen jari, wadda ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar SEC, ta kuma tanadi ɗauri ga masu shirya tsarin damfara irin na MMM. Amma doka tana da iyakar inda hannunta ke kaiwa. Kasuwar da ke wata ƙasa, wadda ba ta da ofis a nan, idan ta cinye ka babu inda za ka kama ta.

Kyautar da ke zama tarko

'Yan damfara sun gane cewa mutum yakan saki jiki idan aka ce masa ga kyauta. Sai ka wayi gari ka ga wani tokin a lalitarka wanda ba ka san mai turo shi ba, da saƙo cewa ka ci kyauta, ka latsa nan ka karɓa. Kana latsawa ka sa hannu, ka ba su izinin kwashe duk abin da ke ciki. Haka aka yi wa ɗan wasan fim na Amurka Seth Green a 2022, aka sace masa NFT masu tsada ta shafin bogi. A Telegram kuma ana turo saƙo da sunan aboki cewa ya yi maka kyauta, ka shiga ka sa lambar da aka turo maka, daga nan asusunka ya tafi, su ci gaba da yaudarar 'yan uwanka da sunanka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, kuma dukkansu da kalmar alheri suka shigo.

Haɗari na biyu ya fi wannan muni. Kundin a buɗe yake. Wanda ya san adireshin lalitarka yana ganin abin da ke ciki, kuma kyautar da ka liƙa a shafinka kowa na iya duba farashinta. A Janairun 2025 aka sace David Balland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin kirifto na Ledger, a Faransa, aka yanke masa yatsa ana neman fansa da kirifto. Idan haka ta faru a Faransa, mu da muke fama da masu garkuwa da mutane ba ma buƙatar dogon bayani. Addininmu ma ya koya mana falalar ɓoye alheri. Kyautar da aka gina ta a kan a gani a yaba tana jawo hassada, tana jefa marasa hali cikin gasar da ba za su iya ba.

Kammalawa

Fasahar nan ta zo, kuma rufe ido ba zai kore ta ba. Tana da amfani ga mai zane, ga mai aika wa gida kuɗi, ga mai son shaidar mallaka da ba a iya gogewa. Abin da nake roƙo shi ne mu shige ta da hankalinmu.

Ga mai bayarwa: idan nufinka taimako ne, ka bayar da abin da aka san ƙimarsa, kuɗi ko abinci ko kuɗin makaranta ko jari. Idan nufinka faranta rai ne da ɗan hoto mai kyau, ka sayi wanda ko ya zama wofi gobe ba za ka ji ciwo ba, kuma ka faɗa wa wanda ka bai wa gaskiya cewa ado ne. Kada ka ce masa ajiya ce. Ka tabbatar ya buɗe lalitarsa da kansa, ka fara tura ɗan kaɗan don gwaji, ka koya masa yadda zai sayar idan ya so.

Ga mai karɓa: yaba kyauta tukuici, amma kada godiya ta sa ka latsa abin da ba ka sani ba. Ka kira wanda aka ce ya turo, ka ji daga bakinsa. Kalmominka na sirri ka rubuta su a takarda, kada ka ɗauke su hoto, kada ka tura wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne.

Ga magidanta: duk mai dukiya a lalita ya rubuta wasiyya, ya ajiye mabuɗin a wurin da amintattu za su kai gare shi bayan ransa.

Ga malamanmu da masana fasaharmu: ku zauna wuri ɗaya, ku fitar wa jama'a bayani da Hausa a kan hauzi da gado da zakka a wannan sabuwar dukiya, tun kafin shari'o'in su cika kotuna.

Ga matasa kuwa, masu ƙera waɗannan manhajoji da masu zana waɗannan hotuna su ne suke kwashe ribar da ta tabbata. Ku koyi rubuta manhaja, ku koyi zane, ku koyi tsaron intanet, ku shiga sahun masu ƙerawa.

Allah ya sa mu dace, ya tsare mana dukiyarmu da zumuncinmu.